Ƙananan ƙwari a akurkin kaji: yadda za ki gane su da yadda za ki rabu da su

Wata baiwar Allah mai kiwon kajin gida a bayan ɗakinta ta aiko da tambaya cewa tun shigowar bazara take ganin waɗansu ƙwari ƙanana ƙwarai suna yawo a bangon akurki da wurin da kaji ke yin ƙwai, waɗansu launin toka, waɗansu kuma ja-ja. Ta ce idan ta sa hannu ta ɗauki ƙwai sai su hau mata hannu su yi ta ƙaiƙayi, kuma kazarta mai kwanci ta tashi ta bar ƙwanta saura kwanaki kaɗan ta ƙyanƙyashe. Maƙwabta sun ba ta shawarar ta yayyafa fiya-fiya, ita kuma tana so ta san ko waɗanne irin ƙwari ne, da abin da ya kamata ta yi.

Malama, kafin komai, ki ajiye maganar fiya-fiya a gefe, zan zo kanta nan gaba. Abin da ya fi muhimmanci a yanzu shi ne ki gano inda ƙwaron yake zaune, domin ƙwarin da ke damun kaji ba wuri ɗaya suke rayuwa ba, ko da yake mutane kan tara su duka su kira su ƙuma. Akwai wanda ba ya sauka daga jikin kaza tun daga ƙyanƙyasarsa har mutuwarsa. Akwai wanda mazauninsa tsagar bango ne da ta katako, sai dare ya yi yake fitowa ya sha jini ya koma. Akwai wanda yake maƙale a fuskar kaza alhali 'ya'yansa suna cikin ƙasar akurki, sannan akwai waɗanda danshi da zubabben abinci ne kawai suka kawo su, babu ruwansu da jinin kaza. Idan aka shafa wa kaza magani alhali ƙwaron yana cikin bango, an yi asarar kuɗi, haka nan idan aka yi wa bango feshi alhali ƙwaron yana gindin gashi. Yawancin waɗanda suke cewa sun gwada magunguna iri-iri ba su ga amfani ba, a nan suka yi kuskure.

Saboda haka ki yi bincike sau biyu, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Da rana ki kama kaji uku ko huɗu, musamman waɗanda suka rame ko suke yawan tsattsage gashinsu da baki, ki juya kowacce ki buɗa gashin da ke kewaye da duburarta har ki ga fata. Ki duba ƙarƙashin fiffike, da wuya, da kewayen ido, da zanko, da kuma ƙafafu. Da dare kuma, bayan kaji sun kwanta da kamar awa biyu, ki shiga da tocila da farin ƙyalle. Ki haska ƙarƙashin sandar da suke hawa su kwana, da inda sandar ta haɗu da bango, da duk inda katako biyu suka haɗu, sannan ki goga ƙyallen da ɗan ƙarfi a ƙasan sandar. Idan kika ga jan zane-zane a ƙyallen, jinin kajinki ne da ƙwarin suka sha kika murƙushe su. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: ki naɗe guntun kwali irin mai ramuka a tsakiya, ki ɗaure shi a ƙasan sandar, bayan kwana biyu ki warware shi a kan farar takarda ki kakkaɓe. Duk abin da ya faɗo, ki manne kaɗan daga ciki da salatif a jikin takarda, ko ki zuba a ƙaramar kwalba mai ɗan sifirit, domin idan buƙatar nuna wa likitan dabbobi ta taso. Kyamarar waya ma tana taimakawa idan aka ɗauki hoto aka ƙara girmansa. Ki lura ko abin yana tsalle ko rarrafe yake yi, kuma ko mai tsawo ne ko mai kewaye.

Bisa siffar da kika bayar, zato mafi ƙarfi shi ne kina fama da ƙumar nan mai rarrafe wadda ba ta tsalle, mai ƙafa takwas, wadda girmanta bai cika kai milimita ɗaya ba. Launi biyun da kika gani ba lallai ne ya zama iri biyu ba: wadda ba ta sha jini ba takan kasance launin toka, idan ta sha ta koma ja, idan jinin ya daɗe a cikinta ta yi duhu. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai biyu da suke yin wannan aiki. Ta farko ita ce jar ƙuma, wadda masana ke kira Dermanyssus gallinae. Ita ba ta zama a jikin kaza. Da rana tana ɓoye a tsaga, da dare ta fito ta sha jini na ɗan lokaci ta koma ta yi ƙwai, shi ya sa mai kiwo zai iya duba kazarsa da rana bai ga komai ba alhali akurkin cike yake da ita. Alamarta a maɓoyarta ita ce wani ɗigo-ɗigon fari da baƙi, tamkar an barbaɗa toka a bakin tsagar. Ta biyu ita ce Ornithonyssus bursa, wadda take zama a jikin kaza da kuma cikin shimfiɗar da take kwanci, tana shan jini dare da rana, kuma ita ce ta fi saurin hawa hannun mai ɗaukar ƙwai da rana tsaka. Idan kika buɗa gashin gindin wutsiya kika tarar ya yi baƙi-baƙi ya dunƙule, ga abubuwa suna motsi, to wannan ce.

Abin da ya sa suke cika wuri ba zato shi ne saurin haihuwarsu. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babba mai yin nata ƙwan, mako guda ya ishe su. Wannan lissafi shi ne mabuɗin maganin gaba ɗaya, domin yawancin magungunan feshi suna kashe wadda ta riga ta fito ne, ba sa kashe ƙwai. Wanda ya yi feshi sau ɗaya ya ga wuri ya yi tsaf, bayan kwana goma zai ga abin ya dawo, sai ya ce maganin jabu ne, alhali ƙwan da ya bari ne suka ƙyanƙyashe. Sannan jar ƙuma tana iya yin watanni bakwai zuwa takwas, wani lokaci ma fiye, ba tare da ta sha jini ba, saboda haka kwashe kaji daga akurki na mako biyu ko uku da nufin yunwa ta kashe ta ba ya yin aiki. Illarta kuwa ba ƙaiƙayi kaɗai ba ne. Kaza takan yi ƙarancin jini har zankonta ya koɗe, ƙwai ya ragu, a riƙa ganin ɗigon jini a ɓawon ƙwai, kaji su riƙa ƙin shiga akurki da magariba suna neman kwana a kan katanga ko bishiya, 'yan tsaki kuwa mutuwa suke yi. Kazarki mai kwanci ba don lalaci ta tashi ba. Kwanci kwana 21 ne, kuma a duk tsawon wannan lokaci tana zaune wuri guda mai ɗumi ba ta samun yin birgima yadda ta saba, wato ƙwarin sun samu damar haihuwa zubi uku a ƙarƙashinta.

Aikin da ke gabanki mafi yawansa a akurki ne. Ki zaɓi ranar da rana take da ƙarfi, ki fitar da kaji tun da safe ki tsare su a wani wuri mai inuwa. Ki kwashe duk shimfiɗar da ke ciki, ko dusar katako ce, ko ɓuntun shinkafa, ko ciyawa, ko tsumma, ki zuba a buhu tun a cikin akurkin don kada ki yi ta zubar da ƙwarin a tsakar gida, sannan ki ƙone ta nesa da ɗaki. Tsohon kwali, da kiret ɗin ƙwai na takarda, da ruɓaɓɓen zana ko karan da aka yi jinka da shi, duk su bi ta wuta, domin babu feshin da zai shiga cikin ramukansu. Ki cire sandar kwana da duk abin da yake ciruwa, ki kankare busasshen kashin da ya manne, saboda a ƙarƙashinsa ma suna ɓoyewa. Bayan haka ki kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga da kowace mahaɗa, ki wanke da ruwan sabulun gari mai kumfa da buroshi, ki baza kayan a rana su bushe ƙayau. Zafin da ya wuce digiri 45 yana kashe su har da ƙwansu, saboda haka ruwan zafi da ranar bazara ba ƙaramin taimako suke yi ba. Waɗansu sukan babbake bango da wutar kara. A akurkin ƙasa ko na bulo wannan yana aiki, amma ina hana shi ƙwarai a inda akwai zana, ko katako, ko leda, ko kusa da rumbu.

Idan wuri ya bushe sai a yi feshi da maganin da aka yi domin ɗakin kaji, wanda ake samu a shagon magungunan dabbobi. Mafi yawansu sinadarin da ke cikinsu permethrin ne, ko cypermethrin, ko deltamethrin. Ki sa mai shagon ya nuna miki a jikin kwalbar inda aka rubuta cewa ana amfani da shi a wurin kaji, da adadin da ake zubawa a lita nawa ta ruwa, kuma kada ki ƙara a kan abin da aka rubuta. A karkata bakin famfon feshi cikin tsaga da mahaɗa, ba tsakiyar bango ba. Mai feshin ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, a fitar da mazubin ruwa da na abinci, kuma kada kaji su koma sai wurin ya bushe iska ta ratsa shi. Ki sani cewa irin waɗannan magunguna suna kashe kyanwa da kifi da ƙudan zuma, don haka idan akwai mage a gidan ko tankin kifi, a kiyaye. Daga nan sai ki maimaita feshin bayan kwana bakwai, idan abin ya yi yawa ki ƙara na uku bayan wasu bakwai ɗin. A ganina wannan maimaitawa ta fi zaɓen sunan magani muhimmanci.

Bayan feshi na ƙarshe, ki toshe maɓoyar. Idan akurkin ƙasa ne a sake yaɓe shi ciki da waje a shafe shi sumul, idan na bulo ne a cike ramukan da siminti, sannan a shafa farar ƙasa. Sandar kwana ta zama goggaggiya marar ɓawo, domin icen da aka sa da ɓawonsa gida ne da aka gina wa ƙwari, kuma a yi ta yadda za a iya cire ta a duba. Shafa ɗan man gyaɗa ko man ja a bakin sandar biyu, inda take taɓa bango, yana tare musu hanya.

Kajin su ma a bi su ɗaya bayan ɗaya da hodar kashe ƙwari ta kaji, a buɗa gashi hodar ta kai fata a gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike da ƙirji, a kiyaye ido da hanci, a kuma maimaita bayan mako guda. Da dare ya fi sauƙi, saboda kaza ba ta gardama a duhu. Duk kazar da za ta fara kwanci daga yanzu, ki yi mata hoda tun kafin ki sa mata ƙwai, ki ba ta sabuwar shimfiɗa a cikin abin da za a iya wankewa kamar tsohuwar roba ko kasko, ki kuma sauya shimfiɗar da zarar ta ƙyanƙyashe. Akwai wani magani mai suna fluralaner da ake sa wa kaji a ruwan sha sau biyu, kwana bakwai tsakani, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017 domin jar ƙuma, kuma ba a jiran kwanaki kafin a ci ƙwai bayan an ba da shi. Ki tambayi likitan dabbobi ko yana samuwa a inda kike, amma ko da an same shi, gyaran akurki yana nan a matsayinsa.

Idan kuwa binciken rana ya nuna miki ƙwari masu ɗan tsawo, milimita biyu zuwa uku, launin ruwan ƙasa mai haske, masu ƙafa shida, suna gudu a kan fata da zarar haske ya taɓa su, to ƙwarƙwatar kaji ce. Za ki ga ƙwanta farare a dunƙule sun manne a gindin gashi, ba sa fita da kakkaɓewa. Ita ɓawon fata da gashi take ci, a jikin kaza take ƙare rayuwarta, kuma idan ta faɗo ba ta wuce kwanaki kaɗan take mutuwa. Wannan ta fi sauƙin sha'ani: hoda ga kowace kaza, har da zakara wanda shi ne kan yaɗa ta, sannan a maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma. Ba ta zama a kan mutum, don haka kada ki ji tsoron za ta koma kan yara.

Wadda take tsalle kuma daban ce. Idan kika ga baƙaƙen ɗigo sun taru a kewayen idon kaza, da zanko, da jan naman da ke reto a ƙarƙashin baki, ba sa motsi ko an taɓa su, wannan ita ce ƙuma mai maƙalewa, Echidnophaga gallinacea. Macen takan kafa bakinta a fata ta zauna makonni a wuri guda tana shan jini, ƙwanta kuma yana zubowa ƙasa, tsutsarta ta girma a cikin ƙasar akurki da shara, bayan wata ɗaya zuwa biyu sababbi su fito su yi tsalle su hau. Tana son ƙasa mai yashi, tana kama kare da kyanwa da ɓera, kuma ita ce take kumbura wa 'yan tsaki da 'yan zabi ido har su makance. Maganin na fuska shi ne a shafe su da baselin ko man kaɗanya da kauri, a kiyaye kada ya shiga ido, a yi ta maimaitawa kwana-kwana har su mutu su zube. Kada a fizge su da ƙarfi, domin wurin yakan zama gyambo. Amma babban aikin a ƙasa yake: a kankare saman ƙasar akurkin a fitar, a yi feshi, a zuba sabuwa a daɓe ta, ko a yi daɓen siminti idan da hali. Kare da kyanwar gidan ma a nema musu nasu maganin wurin likita.

Akwai wadda nake so ki nema da kyau ko da ba ki ambace ta ba, saboda ta fi sauran haɗari, kuma tana yawa a wurare masu zafi da bushewa inda ake akurkin ƙasa: kaskar kaji, Argas persicus. Ba ta kama da kaskar shanu mai kumburi. Ita shimfiɗaɗɗiya ce, siffar ƙwai, launin ƙasa, babbarta kan kai kusan santimita ɗaya, kuma da yawa sukan ɗauke ta kuɗin cizo. Manyan suna ɓoye a tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon bishiyar da kaji ke kwana, suna fitowa da dare, ƙananan kuwa suna maƙale wa kaza a ƙarƙashin fiffike na kwanaki, za ki gan su baƙi-baƙi a jere a kan fata. Tana ɗauke da ƙwayar cutar Borrelia anserina, wadda ke sa kaza zazzaɓi da koren zawo da kasala, wani lokaci kuma cizon ƙananan yakan shanye wa kaza ƙafa. Babbar tana iya yin shekaru babu abinci, saboda haka tsohon akurkin da aka daɗe ba a sa kaji ba yana iya kasancewa da ita. Idan bangon ya tsattsage ƙwarai kuma ta cika shi, gaskiyar magana rushe shi a gina sabo a wani gefe ya fi arha a kan sayen magani shekara bayan shekara. Kajin da suka riga suka kamu da zazzaɓin kuwa sai likita ya duba su ya rubuta magani. Kuɗin cizo na gaske ma yana shiga akurki, kuma hanyar yaƙarsa ɗaya ce da ta jar ƙuma.

Ki kuma dubi ƙafafu. Idan ɓawon ƙafar ya ɗaɗɗago ya yi kaushi da fari-fari, wata ƙuma ce da ido ba ya ganinta take haƙa a ƙarƙashinsa. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai sabulu, a goge a hankali ba tare da ɓamɓare ɓawon ba, a shafe ta da baselin ko man gyaɗa sau biyu a mako har wata guda ko fiye. Ƙafar tana daɗewa kafin ta koma daidai ko bayan ƙwaron ya mutu.

Sauran ƙwarin da ake gani a kewayen akurki ba duka ne abokan gaba ba, kuma ba na son a riƙa yi wa kowane abu mai motsi feshi. Gara da fara da ƙananan ƙwarin cikin shara abinci ne ga kajin gida. Tsutsar nan mai kauri, mai gaɓa-gaɓa, launin ƙasa, da ake samu a tulin taki, ta baƙin ƙudan nan ce mai kama da zanzaro wanda ba ya cizo ba ya sauka a abinci. Kaji suna son ta, kuma inda take da yawa ƙudan gida yakan ragu. Waɗanda ya kamata a kula da su su ne ƙuda, da tururuwa, da wani baƙin ƙwaro mai sheƙi, kamar rabin santimita, da ke taruwa a ƙarƙashin mazubin abinci. Dukkansu suna iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki mai faɗi, kaza ta cinye su ta kamu, baƙin ƙwaron kuma yana iya ɗaukar ƙwayoyin cututtuka irin su Gumboro daga zubin kaji zuwa wani zubin. Ƙuda a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma yake yi daga ƙwai zuwa babba, kuma jiƙaƙƙen kashi yake nema, saboda haka share kashin sau biyu a mako, da gyara mazubin ruwa mai yoyo, da ɗaga mazubin abinci daga ƙasa, sun fi feshi amfani. Kiyashi da cinnaka fasasshen ƙwai da zubabbiyar dusa ne ke jawo su. Kwarkwasa ita ce abin tsoro da damina, domin tana iya kashe 'yan tsaki a dare ɗaya. Idan kejinki mai ƙafa ne, ki sa kowace ƙafa a cikin gwangwani mai ɗan mai, ki kuma nome ciyawar da ke taɓa kejin. Sauro shi ma yana yaɗa ciwon ƙurajen fuska na kaji, wanda ake yi wa rigakafi, don haka kada a bar kwantaccen ruwa a tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya kusa da su.

Yanzu maganar fiya-fiya. Haɗi ne da ake yi a gida a ɗura a kwalba babu takarda, babu wanda zai gaya miki ƙarfinsa, kuma galibi sinadarin dichlorvos ne a ciki, wanda shi ne a cikin maganin ƙwarin nan Sniper. Guba ce da take shiga ta numfashi da ta fata, tana kashe kaza, tana kuma iya kashe yaron da ya shiga akurkin ko ya samu kwalbar. Saboda irin wannan haɗari ne hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a buɗaɗɗiyar kasuwa a 2019. Haka nan kada ki yi amfani da maganin feshin gona, ko ƙwayar da ake sa wa buhun wake, ko maganin kaskar kare da na shanu. Abin da aka sa wa kaza yakan sauka a ƙwanta. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai bayan an gano cewa an yi amfani da sinadarin fipronil wajen yaƙar wannan jar ƙuma a gonakin kaji na Holan da Beljiyam, alhali doka ba ta yarda a sa shi ga dabbar da ake ci ba. Su suna da ɗakunan gwaji da suka gano abin, ke kuwa ƙwan kai tsaye bakin 'ya'yanki zai shiga. Maganin ivermectin ma, wanda ake yawan ba da shawararsa, ba a yi masa rajista domin kaji masu ƙwai ba, don haka sai da umarnin likita. Kananzir yana ƙona fatar kaza, baƙin man inji kuma akwai guba a cikinsa, kada ko ɗaya ya taɓa jikinta.

Dabarun gargajiya suna da matsayinsu, amma a san iyakarsu. Wanda na fi yarda da shi shi ne wurin birgima: ki ware wata kusurwa da ruwan sama ba ya kaiwa, ki zuba yashi mai laushi da busasshiyar ƙasa, ki gauraya da tokar ice da aka tankaɗe, idan kin samu garin farar wuta ki ƙara ɗan kaɗan. Kaza da kanta za ta shigar da ƙurar har fata, kuma wannan yana rage ƙwarƙwata da ƙumar jiki sosai. Sharaɗin shi ne ya kasance a bushe, domin jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata, kuma kada a sa tokar shara mai leda. Busasshen ganyen darbejiya a cikin shimfiɗar mai kwanci yana da kyau, yana ɗan kore su, amma ba zai share akurkin da ya riga ya cika ba. Ganyen taba kuwa yana da ƙarfi, sai dai gubarsa tana taɓa 'yan tsaki, shi ya sa ba na ba da shawararsa.

Ki tambayi kanki ta ina suka shigo, domin za su iya sake biyo hanyar. Mafi yawan lokuta sabuwar kaza ce daga kasuwa, ko zakaran da aka aro, ko kejin ɗan kasuwa, ko kiret ɗin ƙwai da ya zaga gonaki. Tantabaru da kurciya da gwaran da ke sheƙa a rufin akurki, da ɓeraye, su ma suna kawo su. Duk abin da kika sayo mai gashi, ki ware shi mako biyu, ki duba shi, ki yi masa hoda kafin ya haɗu da sauran. Gwajin farin ƙyalle kuma ki mayar da shi al'ada sau ɗaya a mako a lokacin zafi da farkon damina.

Game da ƙaiƙayin hannunki, waɗannan ƙwari suna cizon mutum amma ba sa iya hayayyafa a jikinsa. Ki ware rigar shiga akurki, ki wanke ta da ruwan zafi, ki yi wanka da sabulu bayan aikin, kuma kada yara su kwana kusa da wurin har a gama. Idan ƙurajen suka ƙi warkewa ko suka yi ruwa, a je asibiti a faɗa musu cewa akwai kaji a gidan. Ƙwan da aka ɗauka daga akurki mai ƙuma ana iya cin sa idan an dafa, matuƙar ba a sa wa kajin wani maganin da aka ce a jira ba. Idan an sa, a bi adadin kwanakin da ke jikin kwalbar. Kajin da suka koɗe kuma a ƙara musu abinci mai gina jiki da bitamin a ruwa na kwanaki. Idan bayan feshi uku har yanzu ƙyallenki yana nuna ja, ko kaji suka fara mutuwa, ko kika ga koren zawo da shanyewar ƙafa, ki ɗauki kwalbar da kika adana ƙwarin da kaza ɗaya marar lafiya zuwa asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, inda za a duba ƙwaron da madubin ƙara girma a faɗa miki ainihin irinsa da maganin da ya dace da shi.